Rana Kyauta Ce, Dare Ake Saya

Wanda ya hau gadar Dangi da hantsi, ya juya ido wajen Gyadi-Gyadi, zai hangi wani abu yana ƙyalli bisa rufin gidaje wanda da wuya a gan shi shekara goma da suka wuce. Waɗansu baƙaƙen faifai ne masu fuskar gilashi. Wani gida biyu ne, wani huɗu, wani kuwa an jera su har sun kusa rufe kwanon. Haka abin yake a Hausawa da Darmanawa da Daurawa, har zuwa bayan kasuwar Tarauni. Mai shagon magani ya sa, mai sayar da ruwan sanyi ya sa, mai aski ma ya ɗora ɗan guda ɗaya. Sola ke nan, watau wutar lantarki da ake samu daga hasken rana, wadda a dā ba mu cika ganinta ba sai a asibitin ƙauye ko a kan tankin rijiyar burtsatse.

A gidaje da yawa maganar ta riga ta kai tabarmar cin tuwo. Uwargida ta gaji da zubar da miyar da ta lalace, yara suna karatun jarrabawa da fitilar waya, maigida kuwa yana lissafin abin da janareta ke sha. Sai a ce, to, mu ma mu sa. Shawara ce mai kyau, muna kuwa goyon bayanta. Amma kuɗin ba kaɗan ba ne. Ga malamin makaranta, ko akawu, ko nas a Asibitin Malam Aminu Kano, tarin watanni ne, wani lokaci ma bashi ne. Akwai kuma gidajen da suka kashe kuɗin, bayan shekara ɗaya da rabi suka koma duhu. Faifai suna nan bisa rufi lafiya lau, amma wuta sai ta ɗauke tun kafin ƙarfe goma na dare. Dalilin wannan shi ne muke so mu duba tare, domin kada ya sami wani daga cikin masu karatunmu.

Abin da ya kora mu kan rufi

An kafa NEPA a 1972. A 2005 sunan ya koma PHCN, sa'an nan a 2013 aka sayar da aikin rarraba wuta ga 'yan kasuwa, KEDCO ta karɓi Kano da Katsina da Jigawa. Suna ya canza sau biyu, amma har yau in fanka ta juya yara ihun NEPA suke yi. Mun saba da ƙarancin wuta tun da daɗewa, mun kuma saba da maganinsa, watau ɗan janareta a ƙofar ɗaki. Abin da ya sake lissafin shi ne abubuwa uku da suka zo a jere. Ran 29 ga Mayu 2023 kowa ya ji a jikinsa, gama ranar ce Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki kaɗan, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce 1,000. A watan Afrilu 2024 hukumar da ke tsara farashin wuta ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya zuwa naira 225 ga layukan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 kowace rana, alhali kuwa a dā bai kai 70 ba. Daga baya an ɗan rage, amma bai koma inda yake ba. Sa'an nan a watan Oktoba na shekarar, manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano da maƙwabtanta suka yi wajen kwana goma cikin duhu. A kwanakin nan mutane suka riƙa bin gidajen masu sola da waya a hannu, suna roƙon caji.

Manyan wurare sun riga gidaje. Bayan gobarar da ta ci kasuwar Sabon Gari a 2016, an fara ba shaguna wutar sola a 2018 domin a rage janaretoci. A watan Satumba 2019 aka buɗe tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, a watan Janairu 2023 kuma aka buɗe wata mai megawat 10 a Kumbotso. Fasahar ba sabuwa ba ce, tun 1954 aka ƙera faifai na farko mai amfani a Amurka, sai dai tsadarsa a lokacin ta sa taurarin ɗan Adam ne suka fi morarsa. Daga 2010 zuwa 2020 farashin faifai a kasuwar duniya ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100, saboda masana'antun ƙasar Sin, inda ake ƙera fiye da kashi 80 cikin 100 na faifan duniya. Shi ya sa abin ya sauko har Unguwa Uku.

Randa ce ke da tsada

Duk wanda ya taɓa tarar ruwan sama ya riga ya gane sola. Faifai su ne kwanon rufi da indararo, suna tara abin da ke sauka daga sama. Batir shi ne randa. Akwai wata 'yar na'ura da ake kira kwantirola, wadda ke tsare bakin randar kada ta cika ta yi ambaliya. Akwai kuma inbata, mai juya wutar batir ta zama irin wadda fanka da firij da talabijin suka saba da ita. Inbata ta zamani takan zo da kwantirola a cikinta, har ma tana iya cika batir da wutar KEDCO in an kawo.

Faifai ba su da abin da ke juyawa a cikinsu, ba su cin mai, mai kyau yakan yi shekara 25 yana aiki. Batir kuwa yana tsufa kowane dare. In ka ga gidan da solarsa ta mutu, kusan kullum randar ce ta fashe. Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. A nan Kano karin maganar ta dace da ma'ana biyu, gama ranarmu tana fitowa kusan kowace safiya ba fashi, ba ta kuwa karɓar ko kwabo. Abin da iyali ke biya da tsada shi ne wutar da za su ajiye su yi amfani da ita bayan magariba.

Saboda haka aikin farko ba a kasuwa ake yinsa ba. A gida ne, da fensir da takarda, kuma kada maigida ya yi shi shi kaɗai. Uwargida ce ta san awa nawa fanka ke juyawa, ita ta san ranar guga, ita ta san yaron da ba ya barci sai da fitila. Kowane kayan wuta yana da lamba a jikinsa, a baya ko a ƙarƙashi, wadda ke nuna wat nawa yake ci. Wat 1,000 na tsawon awa ɗaya shi ne yunit ɗaya, irin wanda mita ke ƙirgawa.

Bari mu ɗauki gida mai ɗaki biyu da falo. Ƙwan fitila shida na zamani, kowanne wat 10, suna ci awa shida, wajen sulusin yunit ke nan. Fanka uku, kowacce wat 60, awa goma, yunit 1.8. Talabijin mai wat 80, awa biyar, bai kai rabin yunit ba. Ƙaramin firij yakan ci yunit ɗaya da ɗoriya a wuni da kwana. Cajin wayoyi ba wani abin kirki ba ne. Duka an tasam ma yunit 4. Sai a ƙara ɗaya, domin wuta tana zubewa a hanya, a waya da inbata da batir, kamar yadda mai garuwa ba ya isa gida da ruwa cike fal. Yunit 5 ke nan ake bukata kowace rana. Ko da yake rana tana wuni a sama, in aka tattara ƙarfinta bai fi na awa biyar zuwa shida na tsakar rana ba. A raba 5 da awa biyar, sai a ga ana bukatar faifai masu wat 1,000. Manya biyu masu wat 550 sun isa wannan gida.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Daga cikin yunit 4 ɗin nan, wajen biyu da rabi da dare ake cin su, dole daga batir za su fito. Dogon batir mai ruwa, wanda ake kira tubula, in an rubuta masa 200 da bolt 12, yana ɗaukar yunit 2.4. Amma rabi ne kaɗai naka. In kana kwashe shi har ƙasa kowane dare, batirin da ya kamata ya yi shekara uku ko huɗu ba lalle ya ga damina ta biyu ba. Ashe gidan nan yana bukatar irin wannan batir guda biyu, su ma ɗin da ƙyar za su kai asuba. Mai shago zai iya ce maka, "Oga, wannan inbata tana ɗaukar komai, har da dutsen guga." Ba ƙarya ya yi ba, inbata za ta ɗauka. Abin da bai faɗa ba shi ne dutsen guga mai wat 1,000, in ya yi awa ɗaya da dare, ya cinye kusan rabin abin da aka tanada domin kwanan gida duka.

Akwai batir na litiyom, wanda ba a zuba masa ruwa. Ana iya cin kashi 80 cikin 100 na abin da ke cikinsa ko fiye, mai kyau kuwa yana jure caji da saukewa sau dubbai, watau shekaru da yawa. Kuɗinsa na farko ya fi yawa ainun. A ganinmu, iyalin da za su iya haƙuri su ƙara tari na waɗansu watanni su sayi litiyom na kirki sun fi riba, gama kafin ya mutu mai tubula ya sake saye sau biyu ko uku. Amma a yi hattara, akwai waɗanda ake harhaɗawa da tsofaffin ƙwayoyi a sa musu sabon akwati. Araha ba ta ado. A nemi takardar garanti mai shekaru a rubuce, daga shagon da aka san zai kasance a wurin in an dawo.

Ko wane iri aka saya, zafi abokin gabansa ne. Batir mai ruwa yana rasa wajen rabin kwanakinsa in wurin da yake ya ɗara awo 25 da awo goma kullum, mu kuwa a watan Afrilu zafi yana kai 40. Kada a kulle shi a ɗan lungun da rana ke duka. Kada kuma a sa shi a ɗakin kwana, domin yayin caji yana fitar da iskar da ke kama wuta. Wuri mai inuwa da iska yake so, bisa katako, inda yara ba su kai hannu. Ruwansa kuwa ruwan batir ne na kwalba, ba na rijiya ko na leda ba.

Hanya mafi sauƙi ta rage kuɗin batir ba ta bukatar ko sisi. A mai da aiki mai nauyi tsakar rana, daga ƙarfe goma zuwa uku, lokacin da wuta ke gangarowa kai tsaye daga rufi. Gugar kayan Lahadi da ta kayan makaranta, maimakon daren Asabar a yi ta da azahar. Injin jan ruwa ya cika tanki da rana. Firiza ta yi ƙanƙara da rana, a kashe ta da dare, in ba a yawan buɗe ta za ta riƙe sanyi har safe. Hita da butar lantarki da murhun lantarki a bar wa KEDCO ko gas. Akwai kuma fankar zamani da ba ta cin rabin abin da tsohuwa ke ci, sau da yawa sauya fanka uku ya fi sayen ƙarin batir araha.

Rufin wane ne?

Da yawa daga cikinmu a Gyadi-Gyadi da Tarauni haya muke zaune. Faifai naka ne, rufi na wani. Wanda ya kira mai haɗawa ya huda kwano ba da sanin mai gidan ba, ya sayi rigima da kuɗinsa, ranar da damina ta fara yoyo kuwa ba shi da bakin magana. A je wa mai gidan da ladabi tun kafin a sayi ko kusa ɗaya. A ce masa, "Alhaji, ranka ya daɗe, ina so in ɗora sola a kan kwanonka da kuɗina. In na tashi zan sauke kayana in toshe ramukan, ko kuwa in kana so ka saya sai mu yi ciniki." Yawancin masu gida ba za su ƙi ba. Amma a rubuta, kowa ya sa hannu, da shaida ɗaya ko biyu, a ambaci yawan faifan da wanda zai gyara yoyo. Mutumin kirki ne yau, amma gida yana iya shiga rabon gado, ko a sayar da shi, sabon mai shi ya ce duk abin da ke manne da gini nasa ne. A ajiye rasit tare da takardar.

In mai gidan bai yarda ba, ko kwanon ya tsufa, ba a rasa dabara ba. Mai walda zai iya yin tsayayyen ƙarfe a tsakar gida a ɗora faifan a kai, ya zama rumfa kuma. Wankinsu ya fi sauƙi a nan, ranar tashi ma kwancewa kawai za a yi.

A gidan haya na mutane da yawa akwai wata magana. Ranar da fitilarka ta kama alhali gidan duka duhu, maƙwabci zai zo. Cajin waya da ajiye maganin mara lafiya a firij, wannan haƙƙin maƙwabtaka ne, kada a hana. Jan waya zuwa ɗakin wani kuwa wani abu ne dabam, gama ba ka ganin abin da aka jona a can, batirinka ne zai biya. Gara miji da mata su daidaita amsarsu tun da wuri. In zumunci ya yi ƙarfi, ya fi kyau a haɗa kuɗi tun farko a sayi abin da zai ishi ɗakuna biyu.

Kafin a ɗora komai, wani ya leƙa cikin silin. Babban faifai ɗaya ya fi mita biyu tsawo, nauyinsa ya haura kilo 25. In gara ta ci katako, ko tsatsa ta cinye kwano, a gyara tukuna. Dukanmu mun san iskar farkon damina a watan Mayu da Yuni, wadda ke yaye rufi ta kai shi unguwar gaba. Faifan da aka ɗaure da waya, ko aka kafe a jikin kwano kaɗai ba a kai ga katako ba, tafiya zai yi. Sai an shimfiɗa ƙarafa an ɗaure su da noti a jikin katakon rufi, an toshe kowane rami da roba da gam. A bar tazarar tafin hannu tsakanin faifai da kwano domin iska ta ratsa. Mutane suna zaton zafi ne ke ba da wuta, amma haske ne. Zafi rage ta yake yi, faifan da ya yi zafi ƙwarai a bazara yana iya rasa kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na ƙarfinsa.

Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka yawancin shekara rana tana ɗan karkata kudu da tsaka. Faifai su fuskanci kudu, wajen Na'ibawa ga mutumin Gyadi-Gyadi, da ɗan jirkice na digiri 10 zuwa 15, wanda zai sa ruwan sama ya wanke su ya gangara. In rufin gabas da yamma ya kalla, ba a yi asara mai yawa ba. Inuwa ce babbar ɓarna. Reshen darbejiya, ko tankin ruwa, ko benen maƙwabci, in ya rufe kusurwar faifai ɗaya yana iya rage wutar dukan jerin. A tsaya a duba rufin da ƙarfe tara, da tsakar rana, da ƙarfe uku. A kuma tambaya ko filin da ke kudu da gidan ana shirin yin bene a kansa.

Mai haɗawa

Yanzu duk yaron da ya riƙe filaya wata uku ya zama injiniyan sola. Akwai ƙwararru na gaske a Kano, akwai kuma masu koyo a kan gidajen mutane. Kada ka tambaye shi aikin da ya yi watan jiya, gama kowace sola tana da kyau a watan farko. Ka ce ya kai ka gidan da ya haɗa shekara biyu da suka wuce, ka gaisa da matar gidan, ka tambaye ta ƙarfe nawa wuta ke ɗaukewa. Hukumar NEMSA tana ba masu aikin wuta takardar shaida, ba laifi ba ne a nemi gani. Ya rubuta maka kowane kaya da sunan kamfaninsa da ƙarfinsa da farashinsa, ka kai takardar shaguna biyu ko uku a Sabon Gari ka gwada. Farashi yana bin dala, takardar wata uku da suka wuce ba ta da amfani. Ranar da aka kawo kaya ka juya bayan kowane faifai ka karanta lambar da ke jiki da idonka.

Inda masu son kuɗi ke rage kaya shi ne inda ido ba ya kaiwa. Siririyar waya a wurin da ake bukatar mai kauri tana zafi, tana cin wutar da ka saya, wata rana kuma ta ci silin. Tsakanin batir da inbata wajibi ne a sa fis ko makatsi, haka tsakanin faifai da inbata. A kafa sandar ƙarfe a ƙasa a haɗa ta da ƙarafan rufi da inbata, a sa na'urar kare tsawa, gama aradu ɗaya ta watan Agusta tana iya ƙone abin da aka yi shekara ana tarawa. Sa'an nan a tabbata an raba layi yadda wutar gidanka ba za ta koma kan wayar KEDCO ba. Wannan maganar rai ce. Ma'aikacin da ya hau falwaya yana zaton an kashe layi, wutar da ta fito daga gidanka tana iya kashe shi. A allon rarraba wuta na gida kuma a ware soket na kaya masu nauyi, kada baƙo ya jona hita cikin rashin sani.

A gaya wa yara sarai, faifai ba su da makunni. Muddin rana tana kansu akwai wuta a wayarsu, in an jera su da yawa kuwa ƙarfinta ya isa kisa. Ba wurin ɗauko ƙwallo ba ne.

Kada a biya kuɗin aiki duka ranar da aka gama. A riƙe wani abu, bisa yarjejeniya tun farko, sai an gwada. A bar batir ya cika da rana, da magariba a kashe layin KEDCO, a kunna abin da aka lissafta a takarda, a ga ko za a kai asuba. A yi haka dare biyu ko uku.

Wanda kuɗinsa bai kai ba kada ya ci bashin da zai hana shi barci. Ƙaramin janareta yana shan wajen lita ɗaya cikin awa biyu. Awa huɗu kowane dare lita 60 ke nan a wata, 720 a shekara, ban da baƙin mai da gyara, ban da hayaƙinsa da ya sha kashe iyali duka cikin barci in an kunna shi a rufaffen wuri. Kowa ya ninka wannan da farashin lita na yau, zai ga abin da yake da shi a hannu. Ana iya farawa da faifai ɗaya da fitilu da fanka, a sayi inbata mai ɗan fili, a ƙara faifai in an ɗauki adashi. Batir ne ba a ƙara masa sabo a kan tsoho, gama tsohon zai ja sabon ƙasa. Akwai kamfanonin da ke ba da ƙaramin saiti a riƙa biya kaɗan-kaɗan, a tara jimlar abin da za a biya har ƙarshe kafin a sa hannu. Bayan an haɗa kuma, wani kashi na kuɗin man da aka huta da saye a riƙa jefa shi asusu kowane wata da sunan batir na gaba.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo yana rage hasken rana, ƙura kuma tana kwanciya a gilashi. Wajen Kirsimeti mutum zai ga batir ba ya cika, ya ce an cuce shi, alhali wanki kawai faifan ke so. Sau ɗaya a mako, da sassafe ko bayan la'asar, babba ya wanke su da ruwa da tsumma mai laushi. Ba a watsa ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi da tsakar rana, ba a kuma kankare shi da soson ƙarfe. A watan Agusta kuwa hadari yakan rufe sama kwana biyu ko uku a jere, shi ya sa ba mu ba kowa shawarar ya yanke layin KEDCO ba.

Saura batirin da ya mutu. A cikin mai ruwa akwai dalma da ruwan asid. Masu sayen tsofaffin ƙarafa suna biyan kuɗi a kansa, waɗansu kuwa a bayan gida suke fasa shi su zubar da ruwan su narka dalmar. A 2008, a unguwar Thiaroye kusa da Dakar ta ƙasar Senegal, yara 18 suka mutu saboda wannan sana'a. Mu ma mun san abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito. Dalma ba ta ruɓewa a ƙasa, yaro mai rarrafe ne ke kwasarta da hannu ya kai baki, ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Kada a bar mataccen batir a tsakar gida ya zama kujera, kada a bar kowa ya fasa shi a ƙofar gida. A mai da shi a rufe yadda yake wurin dilan da za a sayi sabo, a ce ya cire kuɗinsa daga farashin.